Amsar Gwaggo kan zuwa gwaji alhali ana lafiya lau

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce Inna ta ƙi bin ki asibiti gwajin bakin mahaifa, wai a al'adarmu mai lafiya ba ya tono cuta, kuma matar kirki ba ta kwance zani gaban baƙo. Kina tambaya ko haka abin yake.

Kunyar gaskiya ce, kada ki raina ta. Amma ki tambaye ta wa ya karɓi haihuwarki. Ungozoma ce, ta ga komai, ba wanda ya ce an yi abin kunya. Mace ta duba mace ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ki nemi ma'aikaciya mace, ki tsaya mata bakin labule.

Zancen tono cuta kuwa, nan muka raba hanya da ita. Sankarar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke kawo ta, takan yi shekara 15 zuwa 20 tana rarrafe, ba zafi ba jini. A wannan tsakanin ake cafke ta. Ni an yi mini. Auduga aka jiƙa da ruwan khal aka shafa, muka jira minti guda ana duba ko wurin zai yi fari. Ko mayafina ban cire ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta fara gwajin daga shekara 30, kuma tun Oktoban 2023 ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV a Najeriya.

Ba ki yi wayo ba lokacin da kakanku ya faɗi a banɗaki da asuba. Muka ce iska ce, muka yi ta hayaƙi da rubutu, Allah ya jiƙansa. Da an taɓa ɗaura masa abin awon jini a dantse, da mun san inda aka dosa. A garin Framingham na Amurka, tun 1948 likitoci suka riƙa bin mutum 5,209 shekara da shekaru, har suka gane cewa hawan jini, kitse a jini, taba da ciwon suga su ke share wa bugun zuciya hanya, tun mutum na yawonsa garau.

Kada dai ki yi mata gardama gaban mutane, za ta ƙara kafewa. Ranar Litinin zan shigo, in ce ta raka ni awon jini. Ke ki yi kamar ba ki san zancen ba.