Gemun 'yan hokin ƙanƙara da allurar da ake cewa ita ke fito da shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne a birnin Edmonton na ƙasar Kanada, shekarata 22. A nan idan aka shiga wasannin neman kofin Stanley na hokin ƙanƙara, 'yan wasa da magoya baya kowa sai ya ajiye reza har sai an fitar da ƙungiyarsa. A 2025 na bi sahun abokaina, wata biyu cur ban yi aski ba, amma abin da ya fito bai wuce 'yan silalai a haɓa ba, har suna yi min tsiya. Wani abokina a gida ya ce su ma 'yan wasan allurar testosteron, wato sinadarin maza, suke yi, kuma akwai mai kemis da zai yi min idan na zo hutu. Abin yana damuna, har nakan ji kamar ban cika namiji ba. In yi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Kada ka yi, ƙanena. Ko da ba ka karanta sauran bayanin ba, ka riƙe wannan.

Abokin naka bai san 'yan wasan da yake magana a kansu ba. Hukumar NHL, mai shirya gasar kofin Stanley, ta haramta irin wannan allura, wanda aka kama karo na farko dakatar da shi ake yi wasa 20. Al'adar barin gemu kuwa camfi ce kawai ta masu neman sa'a, kuma ana danganta asalinta da ƙungiyar New York Islanders wadda ta ɗauki kofin sau huɗu a jere daga 1980 zuwa 1983. Sai ƙungiya ta ci wasa 16 a zagaye huɗu kafin ta ɗaga kofi, abin da ke cinye kusan wata biyu daga Afrilu zuwa Yuni. Gashin fuska kuma kimanin santimita ɗaya yake yi a wata. Ka ga ke nan ƙasumbar Joe Thornton da Brent Burns, wadda ta cika allon talabijin lokacin da ƙungiyarsu ta San Jose ta kai wasan ƙarshe a 2016, an daɗe ana tara ta tun kafin a shiga wasannin neman kofin, kuma Thornton yana da shekara 36 a lokacin, Burns 31. Ba ta ma rasa nata tsautsayin ba: a Janairun 2018 dambe ya kaure tsakanin Thornton da Nazem Kadri na Toronto, Kadri ya damƙo gemun, aka ga curin gashi yashe a kan ƙanƙara.

Kai dai idonka ya tsaya kan masu ƙasumba ne. Wa ya doke su Thornton a 2016? Pittsburgh ce, ƙarƙashin Sidney Crosby, mutumin da aka sha yi wa dariya saboda gemunsa tsilli-tsilli. Yana da shekara 21 ya fara ɗaga kofin a matsayin kyaftin a 2009, da ɗan gashin baki kamar na ɗan sakandare, kuma sau uku ya ɗauka. Patrick Kane na Chicago da ya ga nasa ya ƙi fitowa a 2010, sai ya bar sumar ƙeya ta zubo ta ƙarƙashin hular kwano, irin askin da aka san Jaromir Jagr da shi a farkon shekarun 1990, gaba a rage baya a saki. Kane ɗin ne kuma ya jefa ƙwallon da ta ba su kofin a ƙarin lokaci. Lanny McDonald na Calgary, da jan gashin bakinsa mai rufe leɓe duniya ta san shi. Duk a kan ƙanƙara ɗaya suka yi suna, kowa da abin da Allah ya ba fuskarsa.

Yanzu ga allurar. Wannan magana ta ishe ni, don kusan kullum sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya. Samari sun ɗauka ƙarancin gemu alama ce ta ƙarancin sinadarin maza a jini, saboda haka idan aka ƙara sai gashi ya ɓarke. Mafi yawan masu ƙaramin gemu idan ka auna jininsu lafiya lau yake. Bambancin yana cikin tushen gashin da ke fatar fuska: nawa ne, kuma yaya suke amsa sinadarin. Wannan gado ne. Dubi mahaifinka, dubi kawunnanka da baffanninka, kusan can amsarka take. Allura ba ta dasa tushen gashi inda babu shi, kamar yadda taki ba ya fitar da gero a gonar da ba a yi shuka ba.

Abin da take yi daban ne, kuma shi mai kemis ba zai faɗa maka ba, wataƙila ma bai sani ba. Idan testosteron ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ga jini ya cika, ta daina aika wa maraina saƙon su yi aiki. Sai su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, a wasu su ƙare ƙaƙaf. Ba zato nake ba ka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wannan allurar a matsayin hanyar tsarin iyali ta maza, sakamakon ya fito a 1990, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka yi wa duk mako an daina ganin ƙwayar haihuwa a maniyyinsu. Wato maganin hana haihuwa ake sayar wa samari da sunan maganin gemu. Idan an daina yawanci abin yana dawowa, amma bayan watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma wanda ya daɗe yana yi ba ni da tabbacin da zan ba shi.

Akwai wani magidanci da ya zo min da ƙurajen da suka cika masa baya da kafaɗu. Ina tambayarsa magungunan da yake sha, sai ya zaro wata 'yar kwalbar allura daga aljihun gaban riga, ya ce wannan ce kawai, ta gemu ce, duk sati biyu ake yi masa. Shekararsa uku da aure babu haihuwa. An kai matarsa asibiti, an kai ta wajen masu magani, an ba ta jiƙe-jiƙe har ta gaji, dangi suna ta yi mata habaici. Da na tura shi gwaji, takardar ta dawo babu ƙwaya ko ɗaya. Ya zauna yana kallon takardar yana shafa haɓarsa, wadda har ranar ba ta cika ba. Garin gyaran gira ya kusa rasa ido, kuma baiwar Allah ce ta sha wahalar.

Ban ma ƙirga sauran ba: jini ya yi kauri har ya iya daskarewa a jijiya, hawan jini, ƙirji ya kumburo kamar na budurwa, ga sanƙo ga wanda yake da gadonsa, domin sinadarin da ke ciyar da gashin fuska shi ne ke cinye na kai. Kana neman gemun Burns, ka tashi da kai kamar ƙoƙo. Abin da ke ƙona min rai shi ne wannan magani ne da doka ta ce sai da takardar likita, amma yaro ya shiga shago ya miƙa kuɗi a tsira masa, babu gwaji babu tambaya, masu sa ido kuma suna ofis. Ga masu talla a Facebook da TikTok, su ɗauko hoton Baturen da ya gaji ƙasumba tun kakanni su liƙa a jikin kwalba.

Tun da na san za ka tambaya: yawan aski ba ya ƙara gashi, an gwada tun 1928. Reza tana yanke silin ne a inda yake da kauri, shi ya sa yake yi maka kaushi. Mu kuma masu murɗaɗɗen gashi, kankare fuska kullum ƙuraje yake jawowa, wasu har su bar tabo mai tudu wanda ba ya bajewa. Minoxidil na shafawa yana ɗan taimaka wa wasu, amma don gashin kai aka amince da shi, asalinsa ma maganin hawan jini ne, yana busar da fata kuma yana sa wasu bugun zuciya. Kada ka fara shi da kanka.

Shekara 22 ba a gama ba. Gemun maza da yawa yana ci gaba da cika har wajen shekara 30. Idan muryarka ta buɗe lokacin balaga, gashin hammata da na gaba sun fito, sha'awa da ƙarfinka daidai, ba ka da wata cuta. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya yi rauni, je asibitin makarantarku a ɗebi jininka da safe, kafin ƙarfe 10, domin lokacin ne awon yake fita daidai, kuma a maimaita kafin a yanke hukunci. Idan Afrilu ta zagayo Oilers, ƙungiyar garinku ta Edmonton, suka shiga wasannin neman kofin, bar 'yan silalanka su yi abin da za su iya, ko ka saki sumar ƙeya irin ta Kane.