Me ya kai gidajen rediyon Ingila cikin teku?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne a shekarun 1960 daga jiragen ruwa ake watsa wa matasan Ingila waƙoƙin ƙungiyoyin mawaƙa irin su Beatles da Rolling Stones. Da gaske ne, kuma BBC ce sila.

A lokacin ita kaɗai doka ta yarje wa yin rediyo a ƙasar. Ga kuma yarjejeniya da kamfanonin faifai da ƙungiyar makaɗa, wadda ta ƙayyade sa'o'in sa faifai, wai don kada masu kiɗa kai tsaye su rasa abin yi. Sau da yawa waƙar da ke tashe makaɗan gidan ne za su kwaikwaya, lami, ba armashi. Mai son ta ainihi sai ya jira dare ya kamo Radio Luxembourg, tashar da ke watsowa daga ƙasar Luxembourg, ita ma sautin yana zuwa yana ɓacewa.

To amma ikon dokar bai wuce mil 3 daga gaɓa ba. A Maris 1964 Ronan O'Rahilly, mutumin Ireland, ya sa aka girke jirgi bayan wannan iyaka, ya buɗe Radio Caroline, faifai bayan faifai tun safe. Radio London da wasu suka biyo baya.

A Agusta 1967 gwamnati ta haramta wa 'yan ƙasa yi wa tashoshin jiragen aiki, ko ba su talla, ko kai musu kaya. Yawancinsu suka rufe, Caroline ta yi taurin kai. Ranar 30 ga Satumba BBC ta buɗe Radio 1, sabuwar tasharta ta waƙoƙin da ke tashe, kuma wanda ya fara gabatar da shirin safe, Tony Blackburn, tsohon ma'aikacin jiragen nan ne.