Me ake nufi da shigar kaka ranar 23 ga Satumba a Ingila?

Hajiya, kin ce ɗanki da ke karatu a Landan ya faɗa miki kakarsu ta shiga ranar 23 ga Satumba, kina tambaya ko girbi suka fara.

Lissafin rana ne, ba na gona ba. Duniya a karkace take da kusan digiri 23.5. A 22 ko 23 ga Satumba rana kan tsaya daidai saman layin da ya raba duniya biyu, sai tsawon dare da yini su kusa zama ɗaya ko'ina. Wannan ranar ce suke kira shigar kaka. Daga nan yini ya ci gaba da gajarcewa a arewacin duniya, dare ya fi shi tsawo. Mu a Kano ba ma jin bambancin sosai, amma a Landan, zuwa 21 ga Disamba, yini ba ya cika awa 8.

Da yawa na zaton nisanta da rana ke kawo sanyin. Karkatar ce, shi ya sa a lokacin Afirka ta Kudu ke shiga ɗumi.

Ki ce masa kada ya dogara da jadawalin sallar watan jiya, ya karɓi sabo a masallacin unguwarsu, don magariba na saurin matsowa. In dogon duhun ya fara sa shi ƙunci da kasala, ya ga likita da wuri.