Shin abin da mutum ya mallaka nasa ne shi kaɗai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi a nan Gombe, ni da ƙanena muke harkar masara da wake. Ya yi boko mai zurfi, kuma kwanan nan ya ɗauko wani ra'ayi daga intanet, wai mutum shi ya mallaki kansa da guminsa, muddin bai auka wa kowa ba to babu mai ikon taɓa dukiyarsa, ko da gwamnati ce. Ya ce haraji fashi ne, zakka ma ganin dama ce. Yanzu yana so mu kwashe masara da kaka mu kulle sito sai ta yi wuta da damina, yana cewa Musulunci ma haka ya koyar. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa kasuwarku albarka, ya ƙara haɗa kanku.

Ra'ayin da ƙanenka ya ɗauko tsoho ne a ƙasashen Turawa. Wani masani a Ingila, John Locke, ya rubuta a 1689 cewa mutum ya mallaki jikinsa da aikinsa, don haka abin da ba na kowa ba, idan ya zuba guminsa a ciki, ya zama nasa. A Amurka kuma Murray Rothbard ya ja zaren har ƙarshe a wani littafi da ya fitar a 1982, inda ya ɗauki haraji a matsayin ƙwace. Shi Locke ya sa sharaɗin a bar wa sauran mutane abin da zai ishe su, sharaɗin da Rothbard ya yi watsi da shi.

Zan fara da gaskiyar da ke bakin ƙanenka, domin akwai ta, kuma ba ƙarama ba ce. A huɗubar bankwana Manzon Allah (SAW) ya haɗa alfarmar dukiya da alfarmar jini, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Suratun Nisa'i aya ta 29 ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, sai ta hanyar ciniki bisa yardar juna. Batun gumi ma muna da shi: Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa ta zama tasa, sai dai malamanmu sun ce idan tana kusa da gari sai da izinin shugaba. Da farashi ya tashi a Madina aka roƙi Annabi ya yanke shi, ya ƙi, ya ce Allah ne mai sa farashi. Shehu Usmanu kuwa, a Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Saboda haka duk wanda ya tare hanya yana karɓar kuɗi a kan kowane buhu ba da hakki ba, ko ya ƙwace gonar talaka da sunan hukuma ba tare da diyya ta adalci ba, azzalumi ne ko da yana riƙe da rasit. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin wanda ake tatsa yawanci shi ne mai ƙaramin jari.

Inda muka rabu da masu ra'ayin ƙanenka shi ne tushe. Su sun ce mallakar mutum ba ta da wani a samanta. Alƙur'ani kuwa ya ce a Suratul Hadid aya ta 7 ku ciyar daga abin da Allah ya sanya ku wakilai a kansa, a Suratun Nur aya ta 33 ya kira ta dukiyar Allah da ya ba ku. Tsakaninka da mutane masarar nan taka ce, ba mai ɗaukar ko tiya sai da yardarka. Tsakaninka da Ubangiji kuwa ajiya ce, mai ajiya kuma yana bin sharaɗin mai kaya. Maganar "mu yi abin da muka ga dama da dukiyarmu" ma tana cikin Alƙur'ani, a Suratu Hud aya ta 87, amma daga bakin mutanen Annabi Shu'aibu ta fito, 'yan kasuwar da ke tauye mudu. Shi ya sa shari'a ta hana riba ko da ɓangarorin biyu sun yarda, ta hana wasiyya ta wuce sulusi, ta hana a miƙa wa wawa dukiyarsa. Malik ya ruwaito cewa Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya ja ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuma ya ƙi, alhali ba abin da zai rage masa. Sayyidina Umar ya tilasta shi, har ya rantse cewa ruwan sai ya wuce ko da ta kan cikinsa ne.

To, ga hukuncin sitonku. Sayen hatsi da kaka, lokacin da kasuwa ta cika ta batse, a ajiye don neman riba, halal ne a mazhabar Malik matuƙar sayen bai cutar da kasuwa ba, kuma manomin da ke neman kuɗi a hannu yana amfana da ku. Amma idan niyyar ita ce a share kasuwa, ko a haɗa baki da wasu dillalai don a ƙirƙiri tsada, wannan shi ne ɓoyon da hadisin Muslim ya ce ba mai yin sa sai mai saɓo. Ko da ta hanyar halal kuka tara, idan watan Agusta ya zo rumbuna sun ƙare, magidanta suna yawo da kwano suna neman awo babu, wajibi ne ku buɗe ku sayar da farashin ranar. Idan kun ƙi, hukuma tana da ikon tilasta ku. Nawawi ya ambaci ijma'in malamai a kan haka. Ba kyauta aka ce ku bayar ba, kuɗinku za a biya ku.

Zakka kuwa ba a tattauna ta. Suratuz Zariyat aya ta 19 ta ce a cikin dukiya akwai hakkin mai roƙo da wanda ya rasa, kuma Sayyidina Abubakar ya yaƙi waɗanda suka hana ta. Musun wajabcinta magana ce mai fitar da mutum daga addini, amma kada ka yi gaggawar jifan ɗan'uwanka da wannan; shubuha ce ta shige shi, a zaunar da shi a karanta masa. Ku kuma ku san matsayinku: mai juya kaya kullum yana ƙiyasta hajarsa duk shekara ya fitar da kashi 2.5 cikin ɗari, mai ajiyewa yana jiran kasuwa kuwa sai ya sayar yake fitar da ta shekara ɗaya.

Haraji bayan zakka, Gazali da Shaɗibi sun halatta shi da sharuɗɗa masu tsauri: buƙata ta gaskiya, baitulmali ya gaza, a ɗora gwargwadon hali, a kashe inda aka ce. Harajin da ya cika waɗannan a biya shi. Wanda bai cika ba zunubinsa yana wuyan mai karɓa, ku kuma ku bi ta ƙungiyar 'yan kasuwarku ko kotu ku nemi hakkinku, kada ku bi hanyar ƙarya ko cin hanci.

Wallahu a'alam.