Na Tuba, Amma Dole Ne Sai Na Bar Jam'iyya?

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa. A Sabon Garin Zariya nake. Lokacin rikicin bayan zaɓen 2011 ina cikin samarin da suka fita, har muka ƙone shagon wani tela da bai ji ba bai gani ba. Yanzu na tuba, amma abokaina suna cewa in daina damun kaina, ai yaƙi aka yi, kare kai muka yi. Har yau ina cikin jam'iyyata. Sai na bar siyasa tubata za ta karɓu?

Amsa: Ɗana, ba katin jam'iyya ne ya tare maka hanya ba. A Luka 3:14 sojoji sun tambayi Yohanna Mai Baftisma abin da za su yi, bai ce su tuɓe kaki ba. Ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Shi ya sa ba ma hana 'ya'yanmu shiga Depot ɗin soja na nan garin, balle tsayawa takarar kansila. Zauna a jam'iyyarka. Sai dai biyayyarka gare ta tana da iyaka, wadda Bitrus da sauran manzanni suka shata a Ayyukan Manzanni 5:29, cewa Allah ake fara yi wa biyayya kafin mutum. Ranar da ubangidanka na siyasa ya sake miƙo kuɗin mai ya ce a tara yara, ranar za a san ko ka tuba.

Maganar abokanka ce ta fi damuna. Ikilisiya, tun zamanin Agustin, babban malaminta na dā, ta yarda akwai yaƙin da ake yi bisa tilas, amma da sharuɗɗa: hukuma halattacciya ce ta kira shi, dalilin na gaskiya ne, kuma ba a taɓa wanda ba ya ɗauke da makami. Wace hukuma ce ta aike ku? Wane makami telan ya riƙe, almakashi? Tsare ƙofar gida daban, bin layi da galan na fetur daban.

Sarki Dawuda ma da yaƙi ya fake. A 2 Sama'ila 11 ya sa Yowab, shugaban sojojinsa, ya ajiye Uriya, sojan da Dawuda ya yi wa matarsa ciki, inda faɗa ya fi zafi, da labarin mutuwarsa ya iso sai ya aika wa Yowab cewa kada ya damu, takobi ba ya zaɓe. Annabi Natan bai karɓi wannan ba, ya ce masa kai ne mutumin. Zabura 51, addu'ar tuban Dawuda, daga nan ta fito, kuma babu "mu" a cikin furcin laifin, sai "ni". A shekara ta 390 ma, da sojojin Sarki Tiyodosiyus na daular Roma suka kashe dubban mutane a Tasalonika, Bishop Ambros na Milan ya hana shi jibin Ubangiji sai da ya tuba a bainar jama'a. Kai kuwa ka rubuta "muka ƙone". Gyara shi a gaban Allah, ka faɗi abin da hannunka ya yi.

Gafara kyauta ce, jinin Almasihu ya biya, kada wani ya sayar maka da ita. Amma Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19:8, da ceto ya shiga gidansa ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Kekunan ɗinkin mutumin nan da yadin jama'a da suka ƙone bashi ne a wuyanka, ko Musulmi ne shi ko Kirista.

Kada ka tashi kai kaɗai ka je masa, garin gyaran gira a rasa ido. Fara da fastonka da dattijo ɗaya mai riƙe sirri, ku ji shawarar lauya tun da ƙone dukiya laifi ne a doka, sannan a nemi mai unguwa ko limamin unguwarsu ya shiga tsakani. In ya rasu ko ya bar gari, a nemo magadansa. In kuɗin ba za su samu a dunƙule ba, a sa rana a rubuce, ka riƙa biya wata-wata.