Amsa kan tsayuwar da ake sa karnuka a gasar Turawa

Malam, kan tambayarka ta me ya sa suke daddaidaita ƙafafun kare ya tsaya ƙyam kamar gunki, kuma mene ne amfanin abin, to ai kusan irin abin da dillali ke yi ne a kasuwar dabbobi nan Damagaram in zai nuna ma rago, ya ɗaga mai kai ya gyara mai tsayuwa don ka ga ƙirarsa da kyau. Shi ma karen, ƙafafun gaba su miƙe sak ƙarƙashin kafaɗa, na baya a ɗan ja su baya, kai a sama, sai alƙali ya zo ya buɗe baki ya duba haƙora, ya shafa baya da ƙirji ya ji ƙashi, sannan a zagaya da shi ya ga tafiya. Ƙananan karnuka kan tebur ake ɗora su. Kowane jinsi da rubutacciyar siffarsa, da ita ake auna shi.

Asalin amfanin zaɓen na kiwo ne, wanda za a bari ya haihu. Gasar karnuka ta Crufts a Ingila tun 1891 ake yinta, Westminster ta Amurka 1877. Kuma ka san karen Buzayenmu, siririn nan mai dogayen ƙafafu, Azawak, yana shiga? A 2019 ƙungiyar karnukan Amurka ta karɓe shi cikakke.

Ni inda abin bai min ba, son kyan ido ya sa wasu jinsin hancinsu ya shige ciki har numfashi na ba su wuya, wallahi maharbin ƙauye ko kyauta ba zai amshi irin wannan ba.