Ƙwaron da ke yanke rassan kuka

Tambaya: Salamu alaikum Malam. A gonarmu nan bayan Daura na ga wani baƙin ƙwaro babba mai ratsin ruwan goro guda uku a baya, ƙahonninshi dogaye, kuma reshen ƴar kukar da yake kai an zagaye ɓawonshi kamar da wuƙa. Dan Allah wane iri ne, kuma daga ina ya zo? Daga wani manomi, Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da yabanya mai kyau. Kwatancen nan naka ya yi daidai da wanda masana ke kira Analeptes trifasciata, wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Fabricius ne ya fara rubuta bayaninshi tun 1775. Danginsu sunanshi Cerambycidae, wato ƙwari masu dogon ƙaho, kuma dangi ne mai yawan gaske don an ƙirga sama da iri 35,000 a duniya, shi naka yana ɓangaren Lamiinae, in ka kama shi ka duba fuskar za ka ga a shafe take ta miƙe ƙasa sak, da ita ake gane su. Kar ka tsorata in ya yi ƙara a hannunka, haka suke yi, amma fa ka kiyayi bakin don yana cizo.

Ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, ana samunshi a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, Najeriya da Benin da Gana da Kodebuwa duk akwai shi. Sai dai yawancin binciken da aka yi a kanshi a gonakin yazawa aka yi saboda can ne yake jawo asarar kuɗi, su Oyo da Kogi, ita kuwa kukarmu ta miya ba a cika waiwayarta ba, ni dai abin ba ya min daɗi alhali kuka da rimi da gurjiya duk yana hawansu.

Yankan nan kuma ba cin banza ba ne, sai sun datse ɓawon reshen ya fara bushewa sannan macen ta zuba ƙwai a ciki, tsutsar ta tashi tana cin busasshen icen har ta zama ƙwaro. Saboda haka feshi ba zai kai gare ta ba, ka sare duk reshen da aka zagaye ka tara wanda ya faɗo ka ƙona, manyan ƙwarin kuma ka riƙa zagayawa kana tsince su da hannu.